Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955): Marayan Bebeji da Ya Zama Inuwar 'Yan Kasuwa

 

Ya 'yan'uwa, an saba karanta tarihin malamai da shehunnai, kuma haka ya dace. Sai dai idan aka dubi sahun masu zama a majalisin zikiri, za a ga mafi yawansu 'yan kasuwa ne: mai shago, mai awo, dillali, direban babbar mota, mai kai albasa kudu. Kowannensu da gari ya waye zai koma ga ciniki da bashi da riba da asara, kuma a can ne ake gwada abin da ya ji a majalisi. Irin waɗannan 'yan'uwa suna da haƙƙin a kawo musu tarihin wani nasu. Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah Ya jiƙansa, mutane da yawa ba su san shi ba sai ta hanya biyu: dalar gyada, da kuma cewa Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne. Abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne yadda ya riƙe mutane, domin dukiyarsa a kan mutane aka gina ta, kuma ta hanyarsu ta koma ga jama'a.

An haife shi a 1877 a Bebeji, garin fatake da ke kudu maso yamma da birnin Kano. Danginsa Agalawa ne. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne rukunoni uku da suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Kakannin Agalawa daga arewa suka gangaro, daga ƙasashen bakin Sahara inda suka zauna tare da Abzinawa, suka bazu a ƙasar Katsina da Kano, suka zama Hausawa, suka kama fatauci. Kakan Alhassan, Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya taso ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, wato shugaban ayari, mahaifiyarsa kuma, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta.

To, gidan arziki ne aka haife shi, amma bai ci arzikin ba. Madugu Abdullahi ya rasu a wajen 1885, Alhassan yana ɗan shekara takwas. Aka raba gado tsakanin 'ya'ya masu yawa, abin da ya zo hannun yaro bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa ta tafi Ankara, babban birnin Gana ta yau, inda take da harkokinta, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga nan sunan ya samo asali: Ɗan Tata. Abin lura ne ƙwarai, ya ɗan'uwa mai karatu. Sunan da yau yake rubuce a jikin kamfanoni da asibitoci da masallatai ba sunan madugu ba ne, sunan tsohuwar da ta yi rainon maraya ne, wadda a lissafin mutanen zamaninta ba ta da wani matsayi. Allah Yana ɗaukaka wanda Ya so.

Ya shiga makarantar allo a Bebeji, ya yi rayuwar almajiri, yana karatu yana neman abin kai wa baka da ɗan aikin hannu da ƙaramin ciniki. Tata ce ta koya masa tattali, ta saba masa da jefa abin da ya samu a asusu maimakon ya cinye. Da ya kai kimanin shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Wanda ya yi zaton uwa mai dukiya za ta shimfiɗa masa tabarmar hutu ya yi kuskure. Sai ta kai shi wurin wani malami ta bar shi a can yana karatu yana neman na kansa, har lokacin da ya juyo gida.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan hanya ta Gwanja, domin ita ce makarantarsa ta gaskiya. Ayari yakan tashi daga ƙasar Kano da rani, da jakuna da alfadarai da 'yan alaro masu ɗauka a ka, an ɗora kanwa da baƙin yadi na rini da fatu da sauran kayan ƙasar Hausa. A bi ta yamma, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a wuce ta Yandi har a isa Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Tafiya ce ta watanni, zuwa da dawowa kuwa takan cinye mafi yawan shekara. Madugu ne ke shirya komai: inda za a yada zango, abin da za a biya sarakunan hanya na fito, yadda za a tsare ayari daga 'yan fashi. Goro kuma kaya ne mai shagwaɓa. Sai an naɗe shi a ganye an ɗaure huhu, ana kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya fara lalacewa kafin ya shafi 'yan'uwansa. Wanda ya yi sakaci kwana kaɗan, jarinsa ya tafi. Kuma mafi yawan wannan ciniki babu takarda babu sa hannu. Mutum zai karɓi kayan wani a Kano ya tafi, ba za a sake ganinsa ba sai baɗi, abin da ke tsakaninsu kawai shi ne amana da sanin asali. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa kowane zango. A cikin wannan tarbiyya Alhassan ya tashi.

Sai jarrabawa mafi girma ta zo. A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ba su yarda ba, suka fita daga birni ƙarƙashin Yusufu, aka shiga yaƙin da ake kira Basasa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙi, ɗan'uwansa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, don haka da aka ci ɓangarensa garuruwansu suka sha wuya. Aka kama mutane aka sayar, Musulmi 'ya'yan Musulmi. Alhassan, yana saurayi ɗan shekara 17 ko kusa da haka, yana cikin waɗanda aka kama shi da 'yan'uwansa biyu. Allah Ya ƙaddara bai daɗe a hannu ba ya kuɓuta ya koma ga sana'arsa.

Masu ba da tarihin attajirai sukan yi sauri su wuce wannan wuri kamar abin kunya ne. Babu kunya a kan wanda aka zalunta. Mutumin da baiwa ta rena, shi ma aka taɓa yi masa kuɗi kamar kaya, ya san abin da ake nufi da rasa gata sanin da ba a koyo a littafi. Da wuya a fahimci yadda ya riƙe na ƙasa da shi daga baya ba tare da an tuna da wannan ba.

Duniyar da ya dawo cikinta tana sauyawa da sauri. Salaga ta riga ta rushe da nata yaƙin basasa a 1892, kasuwar goro ta watse zuwa Karachi da Kintampo da Kumasi. Turawan Ingila suka mamaye ƙasar Asante, sannan a farkon 1903 rundunarsu ta tunkari Kano, kuma Bebeji ce ta fara shan wutar igwarsu a kan hanya. Tsofaffin madugai da yawa sun tsaya a kan hanyar da suka gada har ta mutu a hannunsu. Alhassan kuwa, da yake ya san bakin teku tun yana yaro, ya ga abin da ba su gani ba. Wajen 1906 ya riga ya fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, daga can a hauro da shi arewa. Abin da ayari ke yi a watanni ya koma makonni, goro ya riƙa isowa da ɗanyensa, jari ya riƙa juyawa sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya. Ya haɗa da duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa, daga baya har da shanu. A wannan zirga-zirga ya tsinci ɗan Turanci da sanin yadda kantunan Turawa ke lissafi.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafin suka ga gyada ta fi: ba ta cin ƙasa kamar auduga, ana shuka ta tare da hatsi, idan shekara ta ɓaci kuma ana iya cinta. A daidai lokacin masana'antun Turai sun gano yadda ake daskarar da man tsirrai a yi man shafa wa burodi da sabulu, saboda haka suna neman gyada ido rufe. Abin da aka fitar daga Nijeriya ya tashi daga 'yan dubban tan kaɗan ya haura tan 19,000 a 1913. Amma Bature ba ya jin Hausa, bai san ƙauyuka ba, manomi kuma bai yarda da shi ba. Dole ya nemi fataken goro, waɗanda ke da yara a kowace kasuwa. Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo suna cikin waɗanda suka fara shiga. Alhassan ya dawo birnin Kano da zama, ya gina gida a Sarari, gefen unguwar Koki, lokacin wurin fili ne. A 1918 Kamfanin Neja, wanda Kanawa ke kiran ofishinsa Gidan Goldi, ya neme shi ya riƙa sayo masa gyada. Zuwa 1922 ya wuce duk attajiran Kano.

Ta yaya wanda ya shigo a baya ya wuce na gaba cikin shekara huɗu? Yana da jari nasa na kansa daga goro, saboda haka bai dogara kacokan ga kuɗin da kamfani ke bayarwa ba. Ya iya lissafi, ya san halin Turawa. Amma babban sirrin shi ne yawan mutanen da ya amince wa, suka amince masa.

A yau idan aka ce ɗan kasuwa mai hidimar jama'a, hankali yakan tafi ga ƙungiyoyi masu rajista, da shugaba da sakatare da ma'aji, ana taro ana tara gudummawa ana gina rijiya. Ƙungiyar Rotary, alal misali, ba ta buɗe reshe a Kano ba sai 1961, shekara shida bayan rasuwar Alhassan. A zamaninsa ƙungiyar ita ce zauren maigida. Saurayi marar jari zai zo, ko a kawo shi ta hannun wanda aka sani. A fara gwada shi da aike da ƙaramin kaya. Idan ya cika, a ba shi kuɗi da buhuna da sikeli a tura shi wata kasuwar ƙauye ya sayi gyada da kaka, ya kawo, a zauna a yi lissafi, a ba shi rabonsa. Maigida ne zai tsaya masa ranar aure da ranar suna, shi zai nema masa wurin zama, shi za a kira idan ya shiga rigima ko ya kwanta ciwo. Idan ya daɗe ya nuna gaskiya, a yaye shi da jarin kansa, shi ma ya tara nasa yaran. 'Yan'uwa na Birnin Ƙonni da Illela da masu albasa a Galmi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, domin har gobe a kan wannan tsari kasuwarsu ke tafiya. Alhassan bai ƙago shi ba. Abin da ya yi shi ne ya faɗaɗa shi fiye da yadda wani ya taɓa yi, har yaransa da yaran yaransa suka cika kasuwannin ƙasar Kano da maƙwabtanta, kuma gidaje da dama da aka sani da arziki daga baya daga wannan zaure suka fito.

Sadaka tana kashe yunwar yini guda. Jari da aka danƙa wa mutum tare da amincewa yana ɗauke shi daga sahun masu karɓa ya mayar da shi sahun masu bayarwa, shi da zuriyarsa. Wannan ita ce hidimar da ta fi girma a rayuwar Alhassan Ɗantata, ko da yake ba a cika lissafa ta cikin ayyukan alheri ba saboda shi ma yana cin riba a ciki. Cin ribar bai rage mata daraja ba. Hasali ma shi ya sa ta ɗore, domin abin da ke ciyar da kansa ba ya mutuwa da mutuwar mai shi.

Duk da haka, adalci ya hana a zana zamanin gyada kamar aljanna. Farashi a Ingila ake yanke shi, ba a Kano ba. Haraji kuma da tsabar kuɗi ake biya, wannan ya tilasta wa talaka noma abin sayarwa ko yana so ko ba ya so. Shekarar da gyada ta fara bunƙasa ita ce ta haɗu da fari da yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi a ƙasar Hausa ta ɓangarorin biyu suke kira Ƙaƙalaba. Manomin da ya karɓi kuɗi tun damina don ya biya da gyada da kaka, idan ruwa ya ɗauke sai ya wayi gari cikin bashi. Da kasuwar duniya ta faɗi a 1929, farashin gyada ya zube, kuma wanda ke can ƙasa shi ya fi jin nauyin. Alhassan ɗan kasuwa ne a cikin wannan tsari, ya samu dukiya a cikinsa, ba shi ya tsara shi ba, ba shi da ikon rushe shi. Abin da za a auna shi da shi shi ne abin da ya yi da matsayin da ya samu a tsakanin manomi da Bature.

A 1929 ɗin nan ne Kamfanin Neja ya haɗe da wani ya zama UAC, Alhassan ya ci gaba da zama babban mai sayo masa kaya. A shekarar ce kuma aka yi abin da Kanawa ba su manta ba: ya kai kuɗinsa bankin Turawa na Kano a kan raƙuma 20, duk tsabar azurfa. Mutane suna ba da labarin don mamakin yawan kuɗin. Akwai wani abin mamakin kuma. A lokacin attajiri a tukunya yake binne kuɗinsa, ko ya mayar da su shanu da tufafi, kuma mutane ba su saki jiki da banki ba. Shi ya ga cewa wanda ke ciniki tsakanin Kano da Ikko da Ankara ba zai ci gaba da jigilar azurfa a buhu ba, ya shiga gaba, wasu suka biyo.

Dalar gyada ma ana danganta fara ta gare shi. Dalilinta ba ado ba ne. Gyada tana shigowa Kano da kaka gaba ɗaya, jirgin ƙasa kuma ba ya iya kwashe ta sai a hankali, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, da taragu suka yi ƙaranci. Har gyadar ƙasar Maraɗi da Damagaram ta Kano take bi zuwa teku, kafin Faransawa su karkata ta zuwa Kwatano a shekarun 1950. Sai aka riƙa jera buhuna a fili, gindi mai faɗi sama mai tsini, dala guda takan ɗauki buhu wajen 15,000, a lulluɓe da tamfol. Dubban lebura da masu ɗinkin buhu da masu awo da masu gadi da masu sayar da abinci sun ci daga wannan aiki.

Ta fuskar addini, ya sauke farali tun farkon shekarun 1920, ta jirgin ruwa. A wancan zamani kalmar Alhaji tana da nauyi, domin mafi yawan masu niyya da ƙafa suke tafiya, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, suna tsayawa suna noma ko ƙwadago don su sami guzuri. Tafiyar takan ci shekaru, wasu su rasu a hanya, wasu su zauna a Sudan har abada, zuriyarsu na can har yau. Wanda ya san wannan zai gane girman abin da Alhassan ya mayar al'ada bayan dawowarsa, wato biya wa waɗansu kuɗin Hajji. Malami ko dattijo da ya ƙare rayuwarsa yana begen ganin Ka'aba da ziyarar Manzon Allah (SAW), ba shi da ko jaki, sai a kira shi a ce ya shirya. Wannan al'ada ta zauna a gidan, 'ya'ya da jikoki suka gāje ta. Ɗansa Mahmudu ma harkar jigilar alhazai ya shiga, har aka riƙa kiransa Mamuda Wapa, da sunan kamfanin alhazan Afirka ta Yamma. Wurin nan na Fagge da 'yan canji suke zama a yau, wanda kowa ke kira Wapa, daga nan sunansa ya fito.

An san shi da tsantseni wajen kashe kuɗi a kan kansa. Tattalin da Tata ta koya masa bai bar shi ba bayan ya yi arziki. Wasu sukan ɗauki irin wannan a matsayin rowa, alhali bambancin a bayyane yake: marowaci hannunsa a rufe yake ga kowa, wannan kuwa ga kansa ya ƙuntata, kuɗin suna fita zuwa jarin wasu.

A shekarunsa na ƙarshe hidimarsa ta ɗauki sabon salo, ta fita daga zaure ta shiga abin da ya fi kama da ƙungiyoyin zamani. Bayan yaƙi, 'yan kasuwar Kano sun ga cewa kowannensu shi kaɗai ba zai iya ja da kamfanonin Turawa da Kwarori ba, waɗanda suka riƙe shigo da kaya da fitar da su, kuma banki ya fi sakar musu bashi. Sai suka fara haɗa jari. Alhassan yana cikin manyan da suka tsaya aka kafa kamfanin haɗin gwiwar 'yan kasuwar Kano, Kano Citizens Trading Company, wanda ya kafa masaƙar zamani a birnin a farkon shekarun 1950. Shi da ya fi kowa ƙarfin tsayawa shi kaɗai, shi ne ya sa sunansa da kuɗinsa don ƙananan su sami ƙwarin gwiwar shiga. Aka kuma sa shi a majalisar Sarkin Kano, inda aka saba ganin 'ya'yan sarauta da malamai kawai, ya zama bakin 'yan kasuwa a wurin da ake yanke shawara a kan kasuwanni da filaye da haraji.

Sai maganar lasisi. Daga 1949 gwamnati ta kafa hukumar da ita kaɗai ke da ikon fitar da gyada waje, ita ke yanke farashin shekara, kuma ba ta saye sai daga hannun wakilai masu lasisi. Sharuɗɗan samun lasisin, na jari da rumbuna da yawan abin da mutum zai iya kawowa, sun sa kusan duk masu shi baƙi ne. Bahaushe komai girmansa yaron kamfani ne, shi ke shan rana a ƙauye, la'ada mai tsoka kuma ta tafi ga wanda ke zaune a ofis. A kakar 1953 zuwa 1954 Alhassan ya karɓi lasisin kansa, ya riƙa sayar wa hukuma kai tsaye. Yana da shekara 76 a lokacin, ba don bukatar ƙarin abinci ya yi ba. Ƙofa ce ya buɗe. Cikin shekara goma 'yan ƙasa suka cika wannan fage, ɗansa Sanusi ya zama mafi girman mai lasisin sayen gyada a Nijeriya.

A 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ji jiki ya yi nauyi, sai ya kira babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli, ya kira 'ya'yansa. Ya sanar da su cewa yana ganin lokaci ya yi. Ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su bari kamfanin da ya kafa, Alhassan Dantata & Sons, ya watse, su riƙe zumunci da auratayya a tsakaninsu, su kuma ci gaba da riƙe mutanen da ke ƙarƙashin gidan. Wanda ya ga yadda dukiyar Madugu Abdullahi ta narke a rabon gado tun yana ɗan shekara takwas ya san abin da yake tsoro. Kuma ba 'ya'yan cikinsa kaɗai abin ya shafa ba, domin idan gidan ya rushe, ɗaruruwan gidajen da ke cin abinci ta dalilinsa za su rushe tare da shi.

Ya rasu ranar Laraba, 17 ga Agusta 1955, a ƙarshen watan Zulhajji na 1374, aka binne shi a gidansa na Sarari. A lokacin ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

'Ya'yan sun riƙe wasiyya. Ahmadu ya jagoranci kamfanin har rasuwarsa a 1960, sannan Aminu ya karɓa. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya shahara da hidima ga malamai da ɗariƙar Ƙadiriyya a Kano a zamanin Shehu Nasiru Kabara, kuma shi ma ya yaye 'yan kasuwa masu yawa, ciki har da jikansa Aliko, ɗan Hajiya Mariya. Aminu ya yi tsawon rai yana gina makarantu da asibitoci da masallatai, ya rasu a watan Yunin 2025, aka kai shi Madina aka binne.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya jiƙan Tata, Ya saka mata da Aljanna. Amin.